Tokar Ɓuntu a Kan Takarda

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata firintar sashenmu ta haɗiye takardata. Na san lokacin domin agogon bangon ofishin nake kallo, don kada in kalli fuskokin mutanen da suka tsaya a bayana. Firintar irin mai fesa tawada ce, ita kaɗai ce mai buga launi a duk sashen kimiyyar sinadarai, kuma sakatariyar sashe takan lulluɓe ta da tsohon mayafi kamar jaririya. Takardar kuwa ni na shafe fuskarta da hannuna, da wani farin haɗi da na yi. Shi ne aikina na kammala karatu.

Rabin farko ya fito yadda nake fata. Ja ya tsaya ja, baƙi ya tsaya baƙi, ƙananan haruffa ba su nashe ba. Daga tsakiya sai fararen layuka suka fara ratsa shafin, injin ya yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tsaya. Da mai kula da ɗakin gwaji ya buɗe murfin, farin gari ne ko'ina a ciki, a kan tayoyin da ke jan takarda da bakin ƙananan ramukan da tawada ke fitowa. Ya dangwala da yatsa, ya duba, ya juyo wurina.

"Wannan ai toka ce."

"Silika ce," na ce, muryata can ƙasa.

"Daga ina kika samo ta?"

"Daga toka."

Wani ɗan ajinmu ya yi dariya a bakin ƙofa. Sakatariya ba ta yi ba. Ta aika aka kira malamin da ke duba aikina, dattijo ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya zo ya leƙa cikin injin, ya ɗauki rabin takardar da aka zaro, ya jima yana kallon wajen da ya yi kyau. Sannan ya ajiye ta.

"To," ya ce. "Za mu duba."

Ya kamata in faɗi yadda na kai ga toka. Gidanmu a Badariya yake, cikin Birnin Kebbi, amma tun ina ƙarama a Argungu nake yin hutu, wurin Goggo, yayar Baba. Bayan unguwarsu akwai injinan casar shinkafa, kuma bayan kowane inji akwai tulin ɓuntu, bawon shinkafar nan da ba a ci, wani tulin ya fi ɗaki tsawo. Wasu na ci da wuta a hankali mako da mako, ba harshen wuta, sai hayaƙi siriri da toka mai ruwan ƙasa. Na girma ina ganinsu ban taɓa tunanin komai a kansu ba.

A shekarata ta uku a makarantar na karanta, a wani littafi da ba mai aronsa a laburare, dalilin da ya sa takardar hoto ta bambanta da takardar rubutu. Takardar rubutu zare-zare ce. Idan ɗigon tawada ya sauka a kanta sai ya bi zaren ya bazu, hoton ya dushe. Takardar hoto kuwa an shafe fuskarta da gari mai laushi ƙwarai, kowace ƙwayarsa cike da ramuka da ido ba ya gani. Ramukan su shanye ruwan tawadar nan take, launin ya tsaya a sama inda ya sauka. Garin nan sau da yawa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi. A wani shafin kuma, ana maganar wani abu daban, aka ce tokar ɓuntun shinkafa mafi yawanta silika ce. Na rufe littafin. Duk takardar hoton da ake bugawa a garinmu daga ƙetare ake kawo ta, mu kuwa muna ƙona abin da ake yin ta da shi a bayan gida don ya rage mana wuri.

Ni ba mai magana ba ce. A aji, ko na san amsa, nakan jira wani ya faɗe ta ba daidai ba in gyara a zuciyata. Amma wannan na kai wa malamina da ƙafata, ya amince, na yi wata da watanni ina wanke ɓuntu da ruwa mai tsami, ina ƙona shi a tanderun ɗakin gwaji har ya fito fari kamar alli, ina niƙawa, ina tankaɗewa. Na dama shi da sitacin rogo, na shafa a takarda da wani sandan ƙarfe da na naɗe da siririyar waya don kaurin ya zo daidai. Ranar Talatar nan ce karon farko da na sa shi a inji.

An kai firintar gyara. Aka manna takarda a ƙofar ofis cewa ɗalibai ba za su sake amfani da ita ba, ba a ambaci sunana ba, ba a kuma buƙata. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Mai Toka. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne lokaci. A sashenmu, wanda malaminsa bai amince ya rubuta babin sakamako ba kafin ƙarshen zango, ba zai kare aikinsa tare da 'yan ajinsa ba, sai wata shekarar.

Na koma ofishin malamina bayan kwana biyu. Ya tambaye ni lafiyar Baba. Ya ce akwai ɗalibai da ke auna ruwan rijiyoyin Gwadangaji, aiki ne mai kyau, ba ya ɗaukar lokaci, kuma akwai sauran rijiyoyi da ba wanda ya ɗauka. Na ce, "Malam, nawa aikin fa?" Ya ce za mu duba. Mako na gaba ya ce sai an ga yadda gyaran injin ya kasance. Na bayansa ya ce in Allah ya yarda za mu zauna. Kullum da fara'a, kullum sai ya sako maganar rijiyoyi kafin in fita.

Na san abin da yake nufi. Duk wanda ya tashi a garinmu ya sani. Da na ba Baba labari bayan sallar la'asar, yana zaune a zaure yana gyara rediyonsa, bai ko ɗago ba.

"Ɗiyata, ai ya ba ki amsa."

"Bai ce komai ba, Baba."

"Shi ne amsar. Babba ba ya cewa a'a da baki nai. Ke ka ganewa ki janye, ki ruhwa mai asiri, shi ruhwa miki. Haka anka yi mu."

"To ni ban ji ba."

Sai a lokacin ya ajiye rediyon. "Mi ba ki ji ba?"

"Ban ji ya ce in bari ba. In ya ce in bari, zan bari. Amma sai ya faɗa."

Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce tun ina goye nake da wannan halin, ba na kuka, ba na kuma sakin abin da na riƙe. Bai ce ya yarda ba. Bai kuma hana ni ba, kuma na lura shi ma irin amsar malamina ya ba ni.

Ba raina al'adar nan nake yi ba. Na ga yadda take hana mutane cin fuskar juna, na ga faɗan da ta kashe tun bai tashi ba. Amma nauyinta a kan ƙarami yake sauka. Shi zai karanta fuska, shi zai janye, kuma in an tambaya daga baya a ce ai da kanta ta canza. Da na koma auna rijiya, ba wanda zai taɓa cewa an hana ni. Za a ce yarinyar ta gwada abin da ya fi ƙarfinta ta gane. Wannan ne ban yarda a rubuta a kaina ba.

Amma taurin kai ba ya manna gari a takarda. Injin ya lalace, kuma takardata ce ta lalata shi. Na ɗauko sauran takardun da na shafa, na goga yatsa a kan ɗaya, yatsan ya fito fari. Na ari gilashin ƙara girma na duba fuskar. Ta tsattsage kaf, irin yadda laka ke yi a fadama bayan ruwa ya janye. Na zauna ina tunanin abin da na yi mata daga shafawa zuwa inji, sai na tuna inda ta bushe. A tsakar gidanmu na shanya ta, a kan tabarma, kusa da farantin kuɓewar Inna, cikin ranar bazara. Ban yi shawara da kowa ba, ban ko yi tunani ba. A wurinmu duk abin da ya jiƙe rana ake ba: shinkafa, albasa, tufafi, littafin da ruwa ya taɓa. Rana ta busar da saman kafin ƙasan, saman ya ja, ya fashe. Sitacin kuma ya yi kaɗan, bai riƙe garin ba.

Da hutun Sallah ya zo na zuba sauran farar tokata a gwangwanin madara, na hau mota zuwa Argungu.

Goggo tana sayar da taliyar hannu, wadda take murzawa da kanta. Mace ce mai baki, in ta fara magana maƙwabta kan rage rediyo. Ta ga ina jera jiƙaƙƙun takardu a ƙarƙashin gadonta, inda ba rana ba iska, ta riƙe ƙugu.

"Ke ɗiyag ga, mutane na ɓoye zinari ƙarƙashin gado, ke takarda. Ga rana can Allah ya ba mu kyauta."

"Ita ta ɓata na farko, Goggo."

"Rana? Yau na ji. Boko dai bai bar komi ba, har rana ta zama abokiyar gaba."

Na ƙara ƙaro a haɗin, wanda ake jiƙawa a yi tawadar allo da shi. Da na sa da yawa, garin ya manne amma ramukansa suka toshe, in na ɗiga tawada sai ta zauna a sama kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Da na rage, ya koma zuba. Haka na yi ta yi, ina rubuta awon kowanne da fensir a bayan takardar, har na samu wanda ke shan tawada kuma ba ya barin fari a yatsa. Saura abu ɗaya. Fuskar tana da kaushi, kuma na san duk ƙwayar da ta ɗago kai tayoyin inji za su kankare ta. A masana'anta ana bi da takarda tsakanin manyan ƙarafa masu santsi su danne ta. Na gwada dutsen guga, ta yi rawaya. Na gwada murza kwalba a kai, hannuna bai danna daidai ba.

Wata safiya ina zaune ina kallon Goggo tana aiki. Ta cusa curin ƙullu tsakanin ƙarafa biyu na injin taliyarta, ta juya hannun, ya fito shimfiɗe sumul. Ta matse ƙarafan, ta sake bi da shi, ya ƙara siranta. Faɗin bakin injin bai wuce na ƙaramin hoto ba.

"Goggo, in kin gama ki ara mini."

"Mi za ki murza?"

Na nuna mata.

"Injin taliyata za ki sa ma toka? Ko takarda ku ka ci can makarantar, shi ya sa kika rame haka?"

"Zan wanke shi."

"Za ki wanke shi. Wanda kika kashe can Birni ma cewa kika yi za ki wanke?"

Ashe Baba ya riga ya ba ta labari. Ban tashi ba. Ta ci gaba da murza taliyarta tana mita, tana gaya wa kajinta cewa ɗan'uwanta ya haifi dutse. Da ta gama ta goge injin da tsumma, ta turo shi gabana da ƙafa, ta ce in ta ji ƙasa-ƙasa a haƙorin mai saye ɗaya, kayana za ta ɗaure ta kai ni tasha da kanta.

Na yanka takardun daidai bakin injin, na sa kowacce tsakanin fararen takardu biyu, na matse ƙarafan har ƙarshe, na murza. Ta fito da wani santsi mai ɗan sheƙi kamar ɓawon ƙwai. Na goga yatsa da ƙarfi. Babu fari.

Sai firinta. A bakin kasuwa akwai wani mai hoto, ɗan ƙawar Goggo, wanda ke buga hotunan fasfo da na biki. Ni kaɗai da ba zan iya buɗe baki a shagonsa ba. Goggo ta yafa mayafi ta ja ni. Na yi masa bayani idona a ƙasa, ban ɓoye masa abin da ya faru da injin sashenmu ba. Ya saurara har ƙarshe, ya juya wurin Goggo.

"Inna, kin ji da kunnenki. Ta kashe na gwamnati, yanzu nawa ta zo ma."

"Kai, rufe min baki. Wancan tsohon injin da ka ɗora ma buta hwa?"

A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar firinta da ya daina amfani da ita, tana aiki amma tana jan takarda a karkace. Ya ce wannan ko ta mutu ba zai yi zaman makoki ba. Ya hura ƙurar kanta, ya jona, ya ce, "To Injiniya, bismilla."

Na ce ya buga mini murabba'ai na launuka, da layin ƙananan haruffa, sannan hoto guda. Ya zaɓo wani da ya ɗauka a garin Augie, tulin albasa ja a bakin gona da wani manomi tsaye a gefe. Injin ya ja takardar. Ban kalli agogo ba wannan karon, bakin injin na kalla. Ta fito gaba ɗaya. Muka sa ta biyu, ta uku, muka yi ta sawa har suka ƙare. Ya buɗe murfin ya shafa tayoyin da baƙin ƙyalle, ya duba, ya nuna wa Goggo. Ƙyallen baƙi ne yadda yake.

Ba zan ce ta kai ta ƙetare ba, don ba ta kai ba. Ya buga hoton albasar a tasa takardar muka jera. Tasa ta fi haske, ta fi sheƙi, shuɗin samanta ya fi zurfi. Tawa ta ɗan yi duhun madara, shuɗin ya kwanta. Amma da ya buga shi a takardar rubutu muka jera ta da tawa, kowace albasa a tawa tana da gefenta, har saiwoyin ana gani, a waccan kuwa tulin ya zama jan gajimare. Mai hoton ya ce ba zai ba amarya wannan ba, amma na fasfo zai iya. Goggo ta ce ita dai a wanke mata inji.

Ranar da aka koma makaranta na je ofishin malamina da ambulan biyu, ɗaya na waɗanda suka lalace, ɗaya na sababbi. Na yi sallama, na gaishe shi, ya tambayi Baba da yadda aka yi Sallah. Na jera takardun a teburinsa. Ya sa tabarau. Ya goga babban yatsansa a kan hoton albasar, ya duba yatsan. Ya juya bayan takardar ya karanta awon da na rubuta. Ya tambayi inda na buga, da abin da na danne ta da shi. Da na ce injin taliya, gefen bakinsa ya motsa, ya maida shi.

"Ba laifi," ya ce. "Ki bar su nan. Za mu duba."

A nan ake cewa na gode a fita. Ƙafafuna sun san haka, har sun fara juyawa. Na riƙe bayan kujerar da ke gabana da hannu biyu.

"Malam, ka yi haƙuri. Ka gafarce ni. Zangon ya kusa ƙarewa. In ci gaba, ko in bari?"

"Ai na ce za mu..."

"Na ji, Malam. Amma ban iya gane irin wannan amsar ba. In a'a ce, ka ce mini a'a, yau zan je in ɗebo ruwan rijiya, ba kuma zan ce wa kowa komai ba. Sai dai ina so in ji ta daga bakinka."

Ban taɓa yi wa babba magana mai tsawon wannan ba. Kunnuwana suka yi zafi. A waje wani na jan kujera a kan siminti, fankar sama tana juyawa tana ɗaga gefen takarduna. Ya cire tabaran ya ajiye. Ya dube ni, ba da fara'ar nan da ya saba ba, da wata fuska da ban san yana da ita ba, ta gajiya da ɗan ɓacin rai. Ya ce ko na san shi aka kira gaban shugaban sashe a kan injin nan, ba ni ba. Na ce ban sani ba. Ya ce ai ba zan sani ba. Ya jawo ambulan na waɗanda suka lalace, ya zaro guda, ya karkata ta wajen taga yana kallon tsagar fuskarta. Na ci gaba da tsayuwa.

"Ki ci gaba," ya ce. "Ki rubuta babin sakamako ki kawo mini ranar Litinin. Waɗannan da suka fashe ma ki sa su, ki faɗi abin da ya fasa su. Ranar kare aiki kuma kada ki dubi wajena, ba zan amsa miki ko tambaya ɗaya ba. Tunda kin iya magana, ke za ki yi."